Alhajin da ya zuba tsoro a rumbu

Tun da aka fara yaɗa labarin Alhajin nan da ya ninka kuɗinsa a shekarar annoba, ban sake shan shayi cikin natsuwa a nan Alƙahira, unguwar Hayyus Sabi' ba. Da na zauna a ahwa, wato gidan shan shayi, sai samari su zagaye ni, kowa da waya a hannu, wai Baba Haladu a koya musu cinikin tsoro. Wani ko gemu bai gama haɗawa ba, ya ce min ya kalli bidiyo ya gane komai, abin da ya rage in nuna masa inda ake dannawa kawai. Madalla. Ni da na shekara ina kallon allo ba a bar ni na taɓa komai ba, ashe ɓata lokaci na yi. Da na sani da na jira an haife ku kun koya min.

Tun da kun matsa, ga shi na rubuta, sai ku yi haƙuri da rubutun. Karatu na zo yi Alƙahira tun iyayen wasunku suna wasan ƙasa. Na maimaita aji har malamai suka fara gaishe ni kamar abokin aiki, daga ƙarshe nahawu ya ce ko ni ko shi, na bar masa wurin. Na yi tafinta a asibitoci, na yi dillancin ɗakin haya, na yi tuƙi. A tuƙin ne na faɗa wannan sana'a, ina da furfura a kaina.

Bari in fara da abin da bidiyonku bai tsaya ya faɗa ba. A Amurka akwai manyan kamfanoni da mutane ke sayen hannun jarinsu. Mai hannun jari kuwa ba ya rabuwa da fargaba, don haka yakan biya wani mutum ɗan kuɗi, da sharaɗin in farashi ya rushe cikin wata mai zuwa, wancan ne zai ɗauki asarar. Inshora ke nan. In gari lafiya, araha take. In aka ji ƙishin-ƙishin ɗin yaƙi, ko wani babban banki ya fara tari, kowa ya ruga nemanta, sai ta yi tsada. Wasu masu lissafi suka tattara farashin inshorar nan suka matse shi ya zama lamba ɗaya. Ita ce muke kira ma'aunin tsoro. In tana ƙasa, attajirai na barci da minshari. In ta yi sama, cikinsu ya ɗuri ruwa. Lambar kanta ba a sayenta, kamar yadda ba ka sayen zafin rana. Abin da ake saye alkawari ne a kan inda za ta kai ranar kaza ga wata kaza, ko kuma wata takarda da aka cusa wa irin waɗannan alkawura a ciki, don talaka ma ya samu hanyar yin asara cikin sauƙi.

Wanda ya koya min wani Bamisire ne, Ustaz Magdi, mai ƙaramin ofis a Mohandessin, saman wani shagon tayal. Direbansa nake. Da ya ga ina iya magana da 'yan Najeriya masu zuwa wurinsa, sai ya ajiye min kujera a bayan tasa, ya ce in zauna in sa hannuwana a ƙarƙashin cinya. Haka na shekara a zaune. In na ce uffan sai ya kira sunana da Larabci, ya ce, "Amm Khalid, ka ga na tambaye ka?" Wata rana tsakiyar zafi ya aike ni in sayo ƙatuwar ƙanƙara irin ta masu sayar da lemo, ya sa na ajiye ta a roba ƙarƙashin tebur. Na ɗauka baƙi za a yi. Muka yi azahar, muka ci ful, dafaffen waken Misirawa, aka buɗe kasuwar Amurka bayan la'asar, bai ce komai ba. Dab da magariba ya ce in fito da ita. Na ɗago roba, ruwa ne da wani ɗan guntu yana yawo a ciki.

"Wa ya sata?" in ji shi.

Na ce babu wanda ya taɓa.

"Tamam. Takardar tsoro ke nan. Ana sayenta ne in za a sha yau."

Dalilin kuwa ba sihiri ba ne. Kowane alkawari yana da ranar mutuwarsa. In gari lafiya, na watan gaba ya fi na wannan watan tsada, don mutum ya fi tsoron abin da bai hango ba. Masu takardar nan kullum sai sun sayar da na kusa mai araha, su sayi na nesa mai tsada, don kada kayansu ya ƙare. Shi kuma na nesan da ya matso sai ya yi araha, a sake sayar da shi. Kullum a sayar da araha, a saya da tsada. Ko ɗan koyo a kasuwar ƙauye ya yi haka sau biyu, ubangidansa zai mayar da shi gona. A can kuwa masu digiri ne ke yi, kuma sun rubuta a takarda cewa haka za su yi, ba su ɓoye wa kowa ba. Takardar ce dai ba wanda ke karantawa.

Na san abin da mai wayon cikinku yake cewa yanzu: to ai sai in zama mai sayarwa, in riƙa shan ruwan ƙanƙarar wasu. Sannu da hikima, ba wanda ya taɓa tunanin haka sai kai. Ustaz Magdi shekaru ya yi yana yin sa. Kullum ɗan kaɗan yana shigowa, kamar kuɗin haya. Ya sake mota, ya aurar da 'yarsa a otal bakin Nilu. Sai wata rana cikin sanyi, ba yaƙi, ba girgizar ƙasa, ma'aunin ya yi tsalle ya ninka kansa tsakanin la'asar da rufe kasuwa. Da safe na zo ofis na tarar da shi yana shayar da fulawar taga, ya sa kwat ɗinsa tsaf. Ya ce in zauna a kujerar gaba yau, babu abin da ya rage da zan ɓata. Abin da ya tara a shekaru ya tafi a yini ɗaya. Ni ban tsira don na fi shi wayo ba, ba ni da abin sawa ne. Aka sayar da tebura, ya ba ni alluna biyu da batirin ajiyar wuta a madadin sallama, ya koma garinsu wajen Minya. Har yanzu in na kira shi sai ya tambaye ni ko hannuwana suna ƙarƙashin cinya.

Da waɗannan alluna na buɗe nawa wurin, a ɗakin da nake haya a Hadayek el-Maadi. Kayan aikin ba su da yawa: alluna biyu, layin intanet biyu don ɗaya yakan yi fushi, batiri, fanka, da kujera. Kujerar ce babba, don mafi yawan aikin zama ne kana kallo ba ka yi komai ba. Masu zuwa wurina kala-kala ne. Akwai ma'aikacin ofishin jakadanci da ke son a yi masa inshorar ɗan abin da ya tara, amma kada madam ta ji. Akwai ɗalibai da za su zauna su yi min muhawara a kan caca da garar, wato cinikin abin da ba a san tabbacinsa ba, har shayi ya huce, in ce su tambayi waɗanda suka gama karatu, ni nahawu ya kore ni, sannan wajen fita ɗaya ya dawo shi kaɗai ya tambayi mafi ƙarancin abin da ake farawa da shi. Dokata ɗaya ce, wadda na gada daga Ustaz: asusu da sunan mai shi, kuma yatsana ba ya motsi sai bakin mai kuɗi ya motsa.

To, ga Alhajin naku. Sunansa Alhaji Ɗanjuma, ɗan kasuwar hatsi ne daga Dawanau, ya zo bayan Babbar Sallah tare da matarsa Hajiya Gambo. Ciwon suga ne ya zubar masa da jini a bayan ido, duka biyun. Yana bambance haske da duhu, amma fuska ba ya ganewa. Kasuwa ta riga ta juya masa baya, sai da ya sayar da sitonsa na ƙarshe ya haɗa kuɗin aikin ido biyu. Likita ya ce ba za a taɓa shi ba sai suga ya sauka an yi wasu allurai, abin zai ɗauki watanni. Ya kuma ce na hagu ya fi lalacewa, ranar da aka ce an shirya, wannan idon ba zai jira kowa ba. Ni na sama musu ɗaki a saman nawa, kamar yadda muke yi wa marasa lafiya.

Mutumin da ya saba da hayaniyar masu dako da ƙurar buhu, aka ce ya zauna a ɗaki yana cin ganye. Sai ya zama kullum bayan la'asar Hajiya ta riƙo hannunsa ta sauko da shi wurina, ya zauna yana sauraron ƙarar madannai.

"Malam Haladu, wai me kake saye da sayarwa ne, ba na jin awo, ba na jin warin buhu?"

"Tsoro, Alhaji."

"Na wa?"

"Na Turawa."

Ya yi dariya har da tari. Na yi masa bayani kamar yadda na yi muku, ya saurara da kyau, don Alhaji ba wawa ba ne. Da ma wawa ne da abin ya zo da sauƙi.

"Yanzu nawa yake?"

"Ƙasa yake ƙwarai. Kowa hankalinsa a kwance."

Ya gyara zama. Na ga yatsunsa sun fara motsi a kan gwiwa kamar mai ƙirga buhu.

"Kuma in duniya ta rikice yana tashi?"

"Yana tashi."

"Tun da kake, duniya ta taɓa fasa rikicewa?"

Na ce ba ta taɓa ba.

"To ai kaka ce, Malam! Kaya ya zube a kasuwa ba mai so, kai kuma kana zaune kana kallo. A sayo a zuba a rumbu, a jira bazara."

Kun ga, wannan ba kuskuren jahili ba ne. Da wannan dabarar mutumin ya gina gidaje, ya je Makka, ya ciyar da dangi shekara da shekaru: sayi gero da kaka, rufe sito, toshe kunne, buɗe lokacin da na kowa ya ƙare. Abin da ya sani ke nan, kuma gaskiya ne a kan gero. Washegari na sayo ƙanƙara na ɗora masa a tafin hannu, na yi masa karatun Ustaz Magdi tun daga farko. Ya riƙe har ruwa ya jiƙa masa hannun riga.

"Ƙanƙara ruwa ce, dole ta koma gidansu. Ni na ajiye wake shekara guda. Wake, Malam, da ƙwaro ke ci kamar an aiko shi. Ana sa magani. Shi wannan mene ne maganinsa?"

"Ba shi da magani."

"Ba ka sani ba dai."

Akwai abu ɗaya da nake nuna wa duk mai irin wannan ra'ayi, kuma bai taɓa ba ni kunya ba: hoton farashin takardar tun ranar da aka ƙirƙiro ta. Duk wanda ya kalle shi sai ya yi shiru ya nemi takalminsa. Na buɗe shi, na juya allon wajen Alhaji, na ce ya duba nan. Sai da na ga yana kallon fanka sannan na tuna ba gani yake ba.

Hajiya ta yi magana daga bakin ƙofa. "Alhaji, kuɗin ido ne fa."

"Kuɗin ido da ke kwance a jaka wata da watanni, ba ya haihuwa? Ni tun da na yi wayo kuɗi bai taɓa kwana a hannuna ba aiki ba. Kafin likita ya shirya mun fitar, har da na tsaraba."

Na ƙi, ya yi fushi kwana biyu. A na uku ya gaya min wani yaro a Madinat Nasr ya ce zai yi masa a waya, har ya ranta masa ƙari a kai. Na san irin yaran, wasunsu na cikin masu karanta wannan. Na ce gara a narke a gabana a hankali da a ƙone a hannun wancan kafin Juma'a. Aka buɗe asusu da sunansa, na maimaita masa gargaɗi a gaban Hajiya, ya ce, "Danna." Na danna.

Daga nan aka shiga zaman rumbu. Kullum in ya sauko tambayarsa ɗaya ce: "An taɓa?" In ce ya ragu kaɗan. Ya ce ƙwari ne, ana samun haka. Amurka kuwa kamar da gayya, lafiya lau, hannun jari sai hawa yake. Alhaji ya sayi ƙaramar rediyo, da asuba ya manna ta a kunne yana neman tashin hankali. In aka ce shugabannin wasu ƙasashe sun yi cacar baki sai ya sauko da fara'a. In aka ce sun sasanta, ya ce shugabannin yanzu ba su da zuciya.

Hajiya ta ce, "Mutum ya tsufa yana fatan duniya ta kama da wuta."

"Ban yi fata ba, jira nake. Da ina ajiye gero ma ban taɓa roƙon kada a yi ruwa ba."

"Amma in an fita roƙon ruwa a sahun baya kake tsayawa."

"Ƙafata ce ke ciwo."

Cikin tsakiyar sanyi suga ya sauka. Likita ya ce an shirya, a fara da na hagu cikin gaggawa, na dama ya biyo baya. Suka sauko tare, Hajiya ta ce in faɗa masa gaskiya. Na faɗa: abin da ke rumbu ya koma wajen rabi. In aka kwashe duka yau, zai biya aikin hagu, na dama kuma a nemi taimakon dangi daga baya. Na ce shawarata a kwashe.

Ya ce, "Ban taɓa fitar da buhu ƙasa da yadda na shigar da shi ba. A Dawanau a tambaya."

"Alhaji, ba a Dawanau muke ba."

"Kasuwa ɗaya ce ko'ina. Mai haƙuri ke cin mai gaggawa."

Hajiya ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kira ƙaninsa a waya, Alhaji ya ce ƙanin bai taɓa riƙe sito ba. Ya sa ni na raka shi wurin likita ya nemi a ƙara masa lokaci, kamar yadda ake neman mai kaya ya ɗaga ƙafa. Likitan ya cire tabarau ya ce min, "Gaya wa Hajj ba ni ke ba da lokaci ba, idon ne." Na fassara kalma da kalma. Alhaji ya ce likitoci duk haka suke, su ma 'yan kasuwa ne.

Sai ga annoba. Abin da ya biyo baya kun san shi, shi ne rabin labarin da kuke yawo da shi. Duniya ta rufe, hannun jari ya riƙa zubewa kamar ginin laka a damina, ma'aunin tsoro ya hau inda tun ina bayan kujerar Ustaz ban gan shi ba. Takardar Alhaji ta cike ramin da ta faɗa, ta wuce kuɗin saye, ta ninka, ta ci gaba. Ranar da na gaya masa, ya koma sama ya sako babbar riga da hula ya sake saukowa.

"Malam Haladu, ina ƙanƙarar taka?"

Na ce ta daskare, Alhaji, amma rana za ta fito. Tsoro ba ya daɗewa a sama, mutane gajiya suke yi da shi, ko an mutu ko an yi rai sai sun koma kasuwa. Na ce a fitar yau.

"Yanzu fa aka shiga bazara. Ba a buɗe rumbu sai an yi noman farko, lokacin da na kowa ya ƙare ƙaf. Kai dai ba ka da jinin kasuwa."

Rabin da ba a gaya muku ba shi ne, a satin ne asibiti ta ɗage duk aikin da ba na ceton rai ba, aka rufe filin jirgi, aka hana fitar yamma. Ga kuɗi ya cika rumbu, ba wurin kai shi. Ni kuma ina kallon allo na san abin da ke tafe: in bai fitar ba, ƙanƙarar za ta koma ruwa, a buɗe asibiti ba na hagu ba na dama.

Wata safiya Hajiya ta sauko ita kaɗai da takunkumi a fuska, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Malam, ka danna mana kawai. Ai ba gani yake ba."

Na ce, "Hajiya, duk sana'ar nan ba ni da komai sai wannan. Ranar da na taɓa kuɗin mutum don ba ya gani, gobe na mai gani zan taɓa. Bakinsa nake jira."

"Bakinsa! Shekara talatin ina jiran bakin nan." Ta yi tsaki, ta jingina da bango. "To yanzu me ake ciki a can wurin Turawan?"

Na ce gwamnatinsu da babban bankinsu sun yi shela za su zuba kuɗi ba iyaka, duk abin da mutane ke jefarwa don tsoro su za su saye.

Ta cire hannu daga haɓa. "Wato gwamnati ta buɗe rumbunta?"

Na ce kusan haka ne.

"Shi ne ka zauna kana yi masa tatsuniyar ƙanƙara?"

Ashe akwai shekarar da Alhaji ya riƙe masara har tsakiyar damina, farashi na hawa yana ƙin sayarwa, sai gwamnati ta fito da hatsin ajiyarta. Yana tsaye a bakin sito motoci suka shigo kasuwa a jere, farashi ya karye a gabansa kafin azahar. Ta ce sai da ya kwanta jinya. Tun daga nan ba ya tsoron fari, ba ya tsoron ɓarawo, ba ya tsoron ƙwaro, a ce gwamnati ta buɗe rumbu kawai yake tsoro.

Ta hau sama. Ban san yadda ta faɗa masa ba, ta ce dai tana zuba masa shayi ne ta ambata kamar labarin maƙwabta. Ban gama kurɓar nawa ba na ji ana saukowa da sauri ana dafa bango. Alhaji ne, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya.

"Malam Haladu, gaskiya ne sun buɗe?"

"Sun buɗe, Alhaji."

"Motoci sun taso?"

"Suna hanya."

"Fitar! Yalla, fitar da shi!"

Na ce kasuwa ba ta buɗe ba sai bayan la'asar. Zaman da ya yi a kujerar nan ranar, ko mai naƙuda albarka. Ya zagi Turawa da rashin sammako, ya tambaye ni lokaci har na gaji na ba shi agogon ya riƙe, ko da yake ba ya gani. Da aka buɗe na ce, duka? Ya ce duka. Yatsana na kan madanni ya ce, "Tsaya. Bar min iri. Ba a share rumbu tas." Na bar masa ɗan kaɗan, na sayar da sauran. Ba a ƙololuwa muka fita ba, ta riga ta fara gangarowa, amma riba ce wadda ni ban taɓa ci wa kaina irinta ba.

Sai da zafi ya kankama aka koma yin aiki a asibiti. Ni na raka su. Likita ya daɗe yana haska idon hagu, ya kashe fitila, ya ce ma'alish, sai haƙuri, wannan ya wuce, bayan idon ya ɓalle ya ƙafe tun tuni. Da an yi cikin sanyi da akwai fata. Na dama za a gwada. Na fassara. Alhaji ya ce a gaya masa kuɗi ba matsala ba ne, ko nawa ne. Likita ya ce ya sani. Kuɗin da ke hannunsu ya isa a yi wa ido huɗu aiki, ɗaya aka samu na yi wa.

Aikin dama ya yi kyau. Bayan ya gama kwanakinsa na kwanciya rub da ciki, aka cire bandeji, sai ga shi ya sauko ba mai riƙe masa hannu, Hajiya na biye. Ya tsaya ya ƙare min kallo yana karkata kai.

"Ashe kai ne? Da murya na ɗauka wani babban mutum ne."

Na ce haka kowa ke cewa.

"Yaya irina?"

Na ce ya zauna. Na buɗe hoton nan na juya masa allon. Layi ne da ya taso daga can saman kusurwar hagu, ya gangaro, ya gangaro, shekara bayan shekara, har ya kwanta a ƙasa kamar igiyar da aka yar. Nan da can akwai 'yan tsinaye kamar ƙaya. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya bi layin da yatsa.

"Ina na saya?"

Na nuna.

"Ina na sayar?"

Na nuna wani ɗan tsini kusa da ƙarshe.

"Wannan ɗan abin?"

"Shi ne annobar gaba ɗayanta, Alhaji. Irinka kuma ga shi nan, yana bin gangare."

Ya koma da baya ya jingina. Ya sa tafin hannu ya shafa idon hagu, ya sauke.

"Wannan ai ba rumbu ba ne, rariya ce. Ko yaro ya gani ya sani. Malam Haladu, me ya hana ka nuna min tun farko?"

Hajiya ce ta amsa daga bakin ƙofa.

"Ya nuna maka, Alhaji. Kuɗin ganin ne ka zuba a ciki."

Sun koma gida da aka buɗe filin jirgi. Na ji ya sake kama sito da ragowar ribar, yana ajiye gero, kuma gero na yi masa biyayya kamar da. Shi ne kaɗai mutumin da na sani ya ajiye tsoro ya ci riba, shi ya sa labarinsa ya yi daɗin faɗa a ahwa.

Don haka mai son koyo ƙofata a buɗe take. Ya zo bayan la'asar, ya taho da ƙanƙararsa, tawa ta ƙare. Kafin mu kunna allo zan sa shi ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya zauna haka har a kira magariba. In ya sauke hannun ya ce min ribar ta yi, sai in nuna masa inda ake dannawa.